KWALEJIN SARAUNIYA TA IKKO: SU WA KE SHIGA, DA ME SUKE FITA?

Daga Wakilinmu

Kowace shekara, idan lokacin jarrabawar shiga makarantun sakandare na Gwamnatin Tarayya ya kewayo, akwai makaranta guda wadda iyayen 'yammata ke rububin rubuta sunanta a takardar neman shiga, watau Kwalejin Sarauniya da ke Yaba cikin birnin Ikko, wadda aka fi sani da Queen's College. Cikin 2027 makarantar za ta cika shekara ɗari da kafuwa, kuma ita ce makarantar sakandaren 'yammata ta farko da gwamnati ta gina da kanta a ƙasar nan.

Mai karatu na iya cewa ina ruwan mutumin Gusau ko na Damaturu da wata makaranta da ke can bakin teku? To, akwai ruwansa ƙwarai. Makarantar ta Gwamnatin Tarayya ce, da kuɗin jama'a duka ake tafiyar da ita, kana bisa ƙa'ida kowace jiha tana da rabonta na kujeru a cikinta da sauran 'yan'uwanta. Wanda ya san yadda ake shiga wannan kwaleji, da irin yaran da ke samun shiga, da yadda ya kamata a auna sakamakonta, ya san halin da dukkan kwalejojin 'yammata na Tarayya suke ciki, har da na Bakori da Kazaure da Gusau da Bauci da Potiskum da Bida.

ASALIN MAKARANTAR

Turawan mulkin mallaka sun buɗe wa yara maza Kwalejin Sarki a Ikko tun 1909, amma sai da aka shekara 18 kafin su yi wa mata irinta. Ko a lokacin ma ba don ra'ayin kansu suka yi ba. Matan Ikko masu ilmi, ƙarƙashin jagorancin Uwargida Charlotte Obasa, su suka matsa wa gwamnati lamba da koke-koke har ta amince. Aka buɗe makarantar ran 10 ga Oktoba, 1927, a unguwar Onikan, da ɗalibai 20 kacal, wata Baturiya mai suna Faith Wordsworth tana shugabanta. Cikin malaman farko akwai Oyinkan Ajasa, wadda daga baya aka sani da suna Uwargida Abayomi. Cikin 1958 aka mayar da makarantar mazauninta na yanzu a Yaba, sa'an nan cikin 1963 aka naɗa Uwargida Efunjoke Coker ta zama 'yar ƙasa ta farko da ta shugabance ta.

Wani abin da zai ba mutumin Arewa sha'awa shi ne sunayen gidajen da aka rarraba ɗalibai a cikinsu. Akwai gidan Obasa da na Efunjoke, don tunawa da matan nan biyu da aka ambata. Akwai na Emotan, jarumar nan ta Birnin Binin. Akwai na Obi da na Obong. Akwai kuma gidan Ɗanfodiyo. Watau tun da jimawa sunan Shehu Usmanu, mahaifin Nana Asma'u, wanda ya yi wa malaman zamaninsa faɗa saboda barin matansu da 'ya'yansu cikin jahilci, yana bakin 'yammatan Yaba kowace safiya.

A nan Arewa kuwa al'amarin ya yi jinkiri. Gwamnati ta buɗe makarantun 'yammata na farko a Kano da Katsina cikin 1930, amma na karatun farko ne da koyon aikin gida. Aka buɗe makarantar horon malamai mata a Sakkwato cikin 1939. Sai cikin 1956, shekarar da Sarauniyar Ingila ta ziyarci Nijeriya, Gwamnatin Jihar Arewa ta buɗe makarantar sakandaren 'yammata ta Sarauniya Elizabeth a Ilori, wadda ke ɗaukar yara daga lardunan Arewa. Tsakanin Onikan da Ilori akwai ratar shekara 29, kuma wannan rata tana cikin tushen abin da za mu gani a gaba.

YADDA AKE SHIGA

Tunanin tara yaran ƙasa daga kowane sashe a makaranta ɗaya ya samo asali ne tun zamanin Firayim Minista Alhaji Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa. Cikin 1966 aka buɗe kwalejojin Tarayya uku na farko a Sakkwato da Warri da Okposi. Bayan yaƙin basasa, gwamnatin Janar Yakubu Gowon ta faɗaɗa shirin tun daga 1973, ta kuma shiga gina waɗansu musamman domin 'yammata. Kwalejin Sarauniya da ta Sarki suna cikin wannan rukuni da ake kira makarantun haɗin kan ƙasa, waɗanda yawansu ya kai 104 cikin 2018, aka kuma ƙara waɗansu bayan nan.

Ƙofar shiga ɗaya ce, watau jarrabawar da Hukumar NECO ke shirya wa 'yan aji shida na firamare. Amma ba da maki kaɗai ake ɗauka ba. Bisa tsarin da Ma'aikatar Ilmi ta Tarayya ta bayyana cikin 2021, kashi 60 cikin ɗari na kujeru na waɗanda suka fi kowa maki ne a ƙasa baki ɗaya, kashi 30 ana raba su daidai tsakanin jihohi, sauran kashi 10 kuma an bar wa hukuma don larurori na musamman. Kuma jihar asalin yarinya ake dubawa, ba jihar da take zaune ba.

Cikin 2013 jaridu suka buga mafi ƙarancin makin da aka yanka wa kowace jiha, bisa maki 200, aka kuwa yi ta ce-ce-ku-ce. Yaron Jihar Anambra yana bukatar maki 139, na Imo 138, na Ikko 133. A Arewa, na Kaduna 91 ne, na Kano 67, na Katsina 60, na Jigawa 44, na Bauci 35. A waɗansu jihohi har an bambanta maza da mata: yarinyar Yobe maki 27, ta Kebbi 20, ta Sakkwato 13, ta Zamfara kuwa maki 2.

Wajibi ne a fahimci waɗannan alƙaluma da kyau. Da farko dai, makin da aka yanka shi ne mafi ƙaranci don shiga makarantun Tarayya a dunƙule. Makaranta mai farin jini kamar ta Yaba, inda masu nema suka ninka kujeru, ba kowa da ya kai makin jiharsa ke samunta ba. Na biyu, ƙanƙantar makin jiha ba shaida ce ta cewa yaranta ba su da ƙwaƙwalwa ba. Maki yana faɗuwa ne idan masu zana jarrabawa ba su da yawa, domin in kujeru sun fi masu nema, to duk wanda ya zo ya samu. Cikin 2018, ana gab da jarrabawa, Ma'aikatar Ilmi ta yi shelar cewa cikin yara 71,294 da suka yi rajista, Jihar Ikko ita kaɗai tana da 24,465, alhali Taraba tana da 95, Kebbi 50, Zamfara kuwa 28 tak. Jiha sukutum, maza da mata, ba su cika aji ɗaya ba. Amma cikin 2021 masu rajista daga Zamfara ɗin nan sun haura 4,000, abin da ya nuna cewa yaran suna nan, wanda zai kai su ɗakin jarrabawa ne aka rasa.

Su kuma mutanen Kudu suna da nasu kukan, kuma bai kamata a toshe kunne ba. Cikin 1988 wata yarinya 'yar asalin Jihar Ogun ta ci maki 293 a irin ma'aunin wancan lokaci, amma ba a kira ta ganawa ba saboda an yanka wa 'yammatan jiharta 296, alhali an kira waɗansu daga wasu jihohi da makin da bai kai nata ba nesa ba kusa ba. Mahaifinta ya kai ƙara yana cewa an nuna mata bambanci saboda asalinta. Shari'ar ta yi ta jan jiki har Kotun Ƙoli, inda aka rufe ta cikin 1996 bisa hujjar cewa lokaci ya riga ya wuce, an gama ɗaukar ɗaliban tuntuni. Watau kotu ba ta warware ainihin tambayar ba, har yau kuwa ana jayayya a kanta.

'YA'YAN WA KE CIKI?

Tun da jihar asali ake dubawa, yarinyar da ke riƙe da kujerar wata jihar Arewa a Yaba ba lalle ba ne a ce daga ƙauyen jihar ta fito. Tana iya zama 'yar ma'aikacin gwamnati ko soja ko ɗan kasuwa da ke zaune a Agege ko Idi-Araba ko Obalende, wadda a Ikko aka haife ta, a can ta yi firamare. Wannan ba laifi ba ne, haƙƙinta ne. Sai dai ya kamata a sani cewa rabon da aka yi don a jawo yaran da aka bari a baya yakan faɗa hannun waɗanda ba a bari a baya ba. Ga kuma tsohon ƙorafin nan na cewa waɗansu iyaye kan samo wa 'ya'yansu takardar shaidar zama ɗan wata ƙaramar hukuma da ba su taɓa takawa ba, don su ci moriyar ƙaramin maki. Irin wannan takarda kuwa ba daga sama take faɗowa ba, a ofis ake sa mata hannu da hatimi.

Sai maganar kuɗi. Gwamnati tana cewa karantarwa kyauta ce a makarantun Tarayya, amma akwai kuɗin kwana da abinci da riguna da littattafai da sauran tarkace. Cikin 2023 aka ɗaga abin da sabon ɗalibi zai biya a zangon farko daga Naira 45,000 zuwa Naira 100,000, a lokacin da mafi ƙarancin albashi yake Naira 30,000 a wata. Watau masinja ko leburan ofis sai ya tara albashin wata uku cur, bai ci bai sha ba, kuma duk da haka bai cika kuɗin ba. An ɗaga mafi ƙarancin albashi zuwa Naira 70,000 cikin 2024, amma ko shi bai kai kuɗin zangon ba, balle a yi maganar kuɗin mota daga Sakkwato ko Maiduguri zuwa Ikko da dawowa sau uku a shekara. Saboda haka jarrabawa tana tace yara sau ɗaya, aljihun uba kuma ya sake tace su.

Akwai kuma tsoro. Tun daga sace 'yammata 276 a Chibok cikin 2014, da 110 a Dapchi cikin 2018, da 279 a Jangebe cikin 2021, da harin da aka kai Kwalejin Tarayya ta Birnin Yawuri a wannan shekarar ta 2021, uban da ya ƙi kai 'yarsa makarantar kwana ba za a yi saurin kiransa maƙiyin ilmi ba. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya yi tsalle.

YADDA AKE AUNA SAKAMAKO

In ana maganar abin da Kwalejin Sarauniya ta haifar, tarihi ya isa shaida. Dokta Elizabeth Abimbola Awoliyi, mace 'yar ƙasa ta farko da ta yi aikin likita a Nijeriya, wadda ta gama karatun likita a Dublin cikin 1938, a nan ta yi sakandare. Haka Mai Shari'a Modupe Omo-Eboh, mace ta farko da ta zama alƙalin Babbar Kotu a ƙasar nan cikin 1969. Haka kuma Farfesa Grace Alele-Williams, wadda ta sami digirin dokta a Jami'ar Chicago ta Amurka cikin 1963 a fannin koyar da lissafi, ta kuma zama mace ta farko da ta shugabanci jami'a a Nijeriya sa'ad da aka ba ta Jami'ar Binin cikin 1985.

Amma sunan tsofaffin ɗalibai ba ya gaya wa uba abin da 'yarsa za ta samu bana. Ma'aunin da kowa ya sani a yau shi ne yawan waɗanda suka ci kiredit biyar, har da Turanci da Lissafi, a jarrabawar Hukumar WAEC ko ta NECO. Kiredit kuwa shi ne daga A1 zuwa C6, kuma in babu kiredit biyar ƙofar jami'a a rufe take ko da yarinya ta ci jarrabawar JAMB.

To, sai dai wannan ma'auni yana hawa yana sauka ƙwarai da gaske. A ƙasa baki ɗaya, waɗanda suka ci kiredit biyar ɗin a jarrabawar WAEC kashi 31.28 ne cikin ɗari a 2014. Cikin 2018 suka kai kashi 49.98, cikin 2021 suka haura zuwa 81.7, cikin 2024 suka dawo 72.12. Cikin 2025 kuwa abin mamaki ya faru: Hukumar ta fara shelar kashi 38.32, bayan 'yan kwanaki ta fito ta ce an yi kuskure wajen duba wata takardar Turanci, ta gyara adadin zuwa kashi 62.96. Ba mai hankalin da zai ce ilmin yaran ƙasa ya ninka fiye da sau biyu cikin shekara bakwai, ko kuwa ya ƙaru da kashi 24 cikin mako guda. Saboda haka in shugabar makaranta ta tashi ranar ba da kyaututtuka ta karanta adadin waɗanda suka ci, tambaya ta farko ita ce: nawa ƙasa duka ta ci a wannan shekara?

Tambaya ta biyu ta fi wannan muhimmanci. Makarantar da ta tsince yaran da suka fi kowa maki a ƙasa, yawancinsu daga gidajen da ake da littattafai da malamin darasin yamma, in ta fitar da sakamako mai kyau ba abin mamaki ba ne, domin gonar da aka shuka da zaɓaɓɓen iri ba a yi mata kirari don ta yi yabanya. Ainihin gwanintar makaranta tana bayyana ne a kan yarinyar da ta shigo da rauni. A aji ɗaya na ƙaramar sakandare ana iya samun wadda ta zo tana karanta littafin Turanci ba gargada, kusa da ita kuma ga wadda firamarenta ba ta da malamin Turanci ko ɗaya. Littafi ɗaya za a ba su, jarrabawa ɗaya za su zana bayan shekara shida. In ta biyun ta fita da kiredit biyar, makaranta ta yi aiki. In kuwa ta yi ta maimaita aji har uban ya gaji ya cire ta ya aurar, to ba za ta fito cikin lissafin ranar kyaututtuka ba sam, adadin waɗanda suka ci ma sai ya ƙara kyau saboda rashinta.

Don haka akwai abubuwa huɗu da ya kamata kowace makarantar 'yammata ta iya nunawa a rubuce: yara nawa suka shiga aji ɗaya, nawa daga cikinsu suka kai aji shida, da wane maki kowacce ta shigo, da me ta fita, nawa suka ɗauki darussan kimiyya, watau fizik da kemistiri da ilmin halittu, nawa suka ci, sa'an nan yaya sakamakon yake in aka rarraba shi jiha jiha. Duk waɗannan suna cikin rajistar makaranta, ba sa bukatar sabon kasafi, sai dai akawu mai haƙuri da shugaba mai son gaskiya.

ABIN DA TAKARDAR SAKAMAKO BA TA NUNAWA

Farkon 2017 Kwalejin Sarauniya ta shiga wani hali na baƙin ciki. Ciwon gudawa da amai ya ɓarke tsakanin ɗalibai, fiye da 1,200 suka je ɗakin shan magani, uku kuma suka riga mu gidan gaskiya. Binciken Ma'aikatar Lafiya ta Jihar Ikko ya gano ƙwayoyin cuta a ruwan da yaran ke sha, aka rufe makarantar na wani lokaci har aka yi gyara. Makarantar da ta fara da yara 20 ta zama mai ɗauke da dubbai, kuma farin jinin da ya jawo mata wannan cinkoso shi ne ya ɗora wa rijiyoyinta da makewayinta da ɗakunan kwananta nauyin da ya fi ƙarfinsu.

In haka ta iya faruwa a makarantar da ke tsakiyar Ikko, wadda ke da tsofaffin ɗalibai masu faɗa a ji da jaridu a ƙofarta, to uban da ke da 'ya a makarantar kwana ko'ina a ƙasar nan ya kamata, ranar ziyara, kafin ya tambayi na nawa ta zo, ya fara zuwa ya ga inda take ɗiban ruwan sha, ya ƙirga gadajen da ke ɗakinsu, ya tambaya ko akwai ma'aikaciyar jinya mai kwana a makarantar.

SAURA GARE MU

Ba a taɓa rasa 'yammata masu hazaƙa a Arewa ba. Makarantar Ilori kaɗai ta yaye Farfesa Zaynab Alkali, marubuciyar nan 'yar Borno; da Mai Shari'a Fati Lami Abubakar, wadda ta zama Babbar Alƙalin Jihar Neja cikin 2013; da Mai Shari'a Zainab Bulkachuwa, mace ta farko da ta shugabanci Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Tarayya, daga 2014 zuwa 2020. Dukansu an ɗauko su ne daga firamaren Arewa, aka kai su nesa da gida, aka ba su malamai da littattafai da lokaci.

Aikin da ya rage yawancinsa a teburin ma'aikatan gwamnati yake. Sakataren ilmi na ƙaramar hukuma ya san ranar da ake rufe rajistar jarrabawar shiga makarantun Tarayya, kuma zai iya tabbatar da cewa kowace firamare ta gabatar da 'yammatanta masu ƙoƙari, an kuma yi musu bita kafin ranar. Jihar da ke iya ɗaukar nauyin manyan ɗalibai zuwa ƙasashen waje ba za ta kāsa biya wa 'yar talaka kuɗin zango da na mota ba in ta ci jarrabawa. Jami'in da ke sa hannu a takardar shaidar zama ɗan ƙaramar hukuma ya sani cewa kowace takardar ƙarya kujerar wata yarinya ce ya sayar. Ita kuma Ma'aikatar Ilmi ta Tarayya, tun da ita ta amince a ɗauki yara da maki mabambanta, wajibinta ne ta tanadi darussan cike giɓi na Turanci da Lissafi a shekarar farko, domin a buɗe wa yarinya ƙofa a bar ta ba jagora, rabin alheri ne.

Rabon jihohi sanda ce aka ba mai jinya ya dogara kafin ƙafarsa ta yi ƙwari, ba a yi shi don a dawwama a kansa ba. Ranar da yarinyar Talata Mafara ko ta Gaidam za ta shiga Yaba cikin kashi 60 na cancanta, ba cikin kashi 30 na rabo ba, ranar ce jayayyar da aka kai Kotun Ƙoli za ta mutu da kanta. Hanyar zuwa wannan rana kuwa ta cikin ajin firamaren ƙauye ta bi.

Ku kuma 'yammata da ke makaranta yanzu, ko a Yaba ko a Bakori ko a makarantar jeka-ka-dawo ta unguwa, ku sani makin da kuka shiga da shi ba a rubuta shi a takardar fita. Abin da kuka yi cikin shekara shida shi za a rubuta. Allah ya ba da sa'a, ya kuma tsare mana 'ya'yanmu a duk inda suke neman ilmi.